Yadda munka nemi tallahin meri lokacin korona, mu masu riƙon yara a Yamai

Ni dai aikina riƙon yaran mutane ne, ɗaki biyu da rumfa cikin gidan haya nan Yamai, yara 23 gare ni kahin korona, kowane jika biyar a wata. Uwayensu mafi yawa ƴan kasuwa ne, wasu Katako wasu Wadata, sai uku da ke aikin likita. Muna tare da mata biyu da ke taya ni, guda tana dahuwa guda tana wanki da goyo.

Ran 19 ga watan Maris 2020 anka ce an samu mutum na farko da cutar a Nijar, washegari lakwal duka a ruhe, mu ma munka ruhe. Kahin watan ya ƙare an sa dokar hana hita tun ƙarhe 7 na yamma har 6 na sahe, an killace Yamai ba shiga ba hita. To iyaye ba su biyan kuɗin watan da yaro bai zo ba, kuma wallahi ban ga laihinsu ba, amma mai gida yana son kuɗin hayarshi, ga azumi ya kunno kai ƙarshen Afrilu, ga matan nan biyu da ban iya kallon idonsu in ce babu. Abin da ya ɗan ba mu sa'ida shi ne da shugaba Issoufou Mahamadou ya ce gwamnati ta ɗauke ma masu ƙaramin ƙarhi kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu.

Wata ƙawata ce ta ce mu tahi meri, ma'aikatar magajin gari, mu kai kukanmu. Na tahi ni ɗaya da farko, wannan shi ne kuskurena, na wuni bisa banci na komo ban ga kowa ba. Sai munka haɗu mu bakwai masu irin wannan aiki, munka je wajen mai unguwa ya sa muna hannu ga takarda, sannan anka saurare mu. Mutumin da ya karɓe mu bai wulaƙanta mu ba, ya ce Hajiya ina takardar izininku ta buɗe wuri? ina lambar NIF, lambar mai biyan haraji? ina sunayen yaran da kuɗin da kuke karɓa? Cikinmu bakwai biyu kaɗai ke da takardu. Ni shekara shida ina wannan aiki amma ko kaye guda, littahin rubutu, ban taɓa cikawa da sunan yara ba, duka a kaina nike riƙe su, na san mai tari na san wanda ba ya shan kunu sai da sukari, amma wannan ba ya shiga dosiye.

Daren nan na zamna da ƙaramar fitila na rubuta kowane yaro, sunan uwarshi, aikinta, watan da ya fara zuwa. Ina cikin rubutu na ga ashe matan nan uku masu aikin likita da ake ce ma su hito su yi jinyar mutane, ɗiyansu wurina suke wuni. Guda ta kira ni a salula tana kuka, ta bar jaririnta ga yarinya ƴar shekara tara. Wannan na sa a saman takardar da munka maida.

Kuɗi a hannu dai ba mu samu ba, kada in yi muku ƙarya. An ba mu bokitin wankin hannu mai famfo, kwalin sabuni da takunkumi, kuma anka ce a dakata muna da harajin wuri har mu buɗe. Biyun nan masu takardu su anka nuna ma hanyar neman bashin banki. Ya yi mini zahi sosai, don a ganina wadda ke riƙe ɗiyan ma'aikaciyar lahiya a irin wannan lokaci ta cancanci ko kuɗin haya na wata guda. Haya dai da adashe na biya ta, matan biyu kuma rabin albashi da tiyar shinkafa.

Da anka buɗe lakwal ran 1 ga watan Yuni yara 11 sunka komo mini, na raba su ɗaki biyu, bokitin a bakin ƙofa. Cikin satin nan na fara bin takarduna, sai da na yi wata huɗu ina kai da kawo kahin su hito. Mu bakwai ɗin kuma har yanzu muna haɗuwa duk Asabar ta farkon wata, kowa ta zo da kayenta, muna zuba jika guda guda a asusu.