Godiya ga 'yan uwa masu kiwon kifin ado da suka tsaya min lokacin da famfona ya mutu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah ruwa ya dawo yana zagayawa, kifaye sun koma cin abinci, ko ɗaya ban rasa ba, shi ya sa na ce dole in fito in yi godiya a fili.

Ga waɗanda ba su ji ba, famfon da ke mayar da ruwa tankin kifayen daga samp ɗina, wato tankin ƙasa da ke tace ruwa, shi ne ya tsaya cak cikin dare, ga hita da kayan tacewa duk suna can ƙasa, kenan tankin sama ba ɗumi ba tacewa, kafin gari ya waye kifayen sun taso sama suna haki. Wallahi hankalina ya tashi sosai.

Na fara da ɗan uwan da ya ɗaga wayata a wannan tsohon daren, ya ce maza in saka dutsen iska, wato mai fitar da kumfar iska cikin ruwa, a sama in saka wani a samp saboda bakteriyar da ke jikin kayan tacewa ita ma oksijin take buƙata, in ta mutu amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zai hau. Sai ƙanina da ya kawo min aron nashi famfon da sassafe. Allah ya saka muku da alheri.

Amma babbar godiya ta Malam ce, babban yayanmu a wannan harka, don shi ya zauna da ni muka zaɓi sabon. Abu na farko da ya ce min, lambar lita a awa da ke jikin kwali ta famfon da bai ɗaga ruwa ko taku ɗaya ba ce, da zarar ya fara turo ruwa sama ƙarfinsa raguwa yake, kowane elbo da siririn bututu kuma sai sun ci nasu. Tankina lita 300 ne, ya ce ruwan ya ratsa samp kamar sau 5 a awa ya wadatar, lita 1,500 kenan a bakin bututun sama. Muka auna tsayi daga samp zuwa bakin tanki ya haura mita 1, muka duba jadawalin famfon mu ga nawa yake bayarwa a wannan tsayin, sannan muka ɗauki mai lita 3,000 irin na DC da ake rage masa gudu da kwantirola. Da aka haɗa ya sa na tara bokitin lita 10 ina ragewa har ya riƙa cika a sakan 24, lissafi ya fita daidai.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ya hana a ƙure gudun famfon. Bututun da ke saukar da ruwa yana da iyakar abin da zai iya sha, in famfo ya fi ƙarfinsa tankin sama ambaliya zai yi, samp ya ƙafe, famfon ya yi ta juyi ba ruwa har ya ƙone. Motsin ruwa a cikin tanki kuma aikin ƙananan famfunan igiyar ruwa ne, ba sai an ɗora wa wannan ba. Gaskiya na yarda da shi ɗari bisa ɗari, yanzu ko ƙara ba na ji, ruwan ma bai ɗaukar zafi kamar da.

Bai tafi ba sai da ya huda ƙaramin rami a bututun sama ƙasa kaɗan da saman ruwa don kada ruwa ya yi ta zuƙowa samp in wuta ta ɗauke, muka kashe wuta muka tsaya muna kallo har ruwan da ke komowa ya tsaya samp bai cika ba. Tsohon famfon kuma da ya buɗe shi, farin dutse ne ya kama impela, wato farfelar da ke juyawa a ciki, ya ce in riƙa jiƙa ta a binega lokaci zuwa lokaci.

Malam Allah ya ƙara girma, ya ƙara lafiya. Ƙanina na wanke famfonka tas, gobe in sha Allahu zan kawo maka.