Firam ɗin doguwar tafiya daga baya ake fara duba shi

Firam ɗin keke uku na saya kafin na samu wanda ya kai ni nesa ya dawo da ni lafiya, kuma duk ukun ido ne ya zaɓar min. Shi ya sa idan ƙannena masu sha'awar doguwar tafiya a kan keke mai kafaffiyar giya suka turo min hoton firam suna tambaya ko ya yi, ba na duban fenti ko sunan kamfani. Cewa nake su juya shi, su ɗauko min hoton bayansa, daidai wurin da aksil ɗin wilin baya yake zama.

Ga wanda bai taɓa hawa ba, irin wannan keke ba shi da firiwil. Ƙaramin farantin baya ɗaure yake tam a jikin hob, wato cibiyar wilin, da zoben kulle mai zaren hagu a kansa, don haka muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ko a gangara babu hutu. Sarƙa kuwa ba abin da ke ja mata. Matsar da wili gaba ko baya ne aka saba yi don ta yi daidai.

Na farko da na saya na tseren cikin fili ne, irin wanda ake zagaye da shi a da'irar katako. Siriri, mara nauyi, kyan ɗan maciji. An ƙera shi don mutum ya yi gudu a wuri mai santsi ba tare da kaya ko birki ba, ni kuma na ce sai na yi tafiyar kwanaki da shi. Babu hudar ɗaura kariyar kaya, babu ta gorar ruwa, fok ɗin ma ba a huda shi don birki ba sai da na sauya wani. Na maƙala kariya da ƙarfe mai matsewa, na rataya jaka. Tsawon ƙarfen da ya tashi daga gindin feda zuwa aksil ɗin baya bai wuce milimita 400 ba, alhali na kekunan tafiya yakan kai 440 zuwa 460. Wannan ɗan bambancin na santimita biyar ne ya sa duk juyin feda dunduniyata sai ta bugi jaka. Na tura jakar baya, nauyi ya koma bayan aksil, kan keken ya fara rawa. A gaba kuma yatsun ƙafata na gogar taya idan na karya kwana a hankali, kuma a kafaffiyar giya ba ka da ikon tsayar da feda ka kauce wa hakan. Taya mai faɗin milimita 25 ce iyakar abin da ke shiga, duk tsakuwar hanya sai na ji ta a wuyan hannu.

Abin da ya fi ci min rai a ranar ruwa ya faru. Tsagar aksil ɗin irin wannan firam baya take kallo, wato ta baya ake zare wili. Na yi dabarar saka madigadi, taya ta yi faci, na kwance noti na ja wili, sai ya tokare da madigadin. Sai da na kwance madigadin gaba ɗaya, ina tsugune a gefen titi, ƙananan kusoshi na sulɓewa cikin taɓo.

Daga nan na gudu gidan gara na faɗa na zago. Na sayi firam na zamani mai duk hudojin da nake nema, ban lura tsagarsa a tsaye take ba, wili wuri ɗaya yake zama, ba gaba ba baya. Na saka ɗan abin jan sarƙa mai sifirin, irin wanda ake sa wa keke mai giya ɗaya da firiwil. Ƙanena, kada ka kuskura. Ranar da na fara danne feda baya don rage gudu, ƙasan sarƙar ya miƙe da ƙarfi, abin ya lanƙwashe, sarƙa ta zame. Allah ne ya kiyaye ba ta cusa tsakanin faranti da sifok ta kulle wilin ba. Na koma neman adadin haƙoran da za su sa sarƙa ta zauna daidai da kanta, na kuma samu, amma sarƙa tana cinyewa tana ƙara tsawo, bayan ɗan lokaci ta sake saki. Akwai maganin wannan, ko dai hob mai karkataccen aksil irin ENO na kamfanin White Industries, ko firam mai gindin feda da ake juyawa. Suna aiki, sai dai ga wanda bai riga ya sayi firam ba, me zai sa ya sayi ciwo sannan ya nemi magani?

Abin da nake nema yanzu shi ne doguwar tsaga a kwance mai buɗewa ta gaba, ɗan karkace, irin ta tsofaffin kekunan titi na ƙarfe. Wili ta gaba yake fita, madigadi ba ya tare shi. Saboda karkacewar, idan ka matsar da wili robar birki ba ta cika kauce wa bakin rim ba. Tsawonta kuma yana da lissafi: ƙarin haƙori ɗaya a faranti yana matsar da aksil kimanin milimita 3. Idan hob ɗinka mai fuska biyu ne, haƙora 17 a nan, 19 a can don hawan dutse, kana buƙatar milimita 6 da ɗan rara don cinyewar sarƙa. Tsohuwar dabara ce. Kafin 1937, lokacin da aka yarda da na'urar sauya giya a gasar Tour de France, mahaya sauka suke yi a gindin dutse su juya wili.

Na uku shi ne ya bar min tabo a gwiwar hannu. Firam ne na tafiya na gaske, dogo, mai natsuwa da kaya, tsagarsa ma ta yi. Amma masu ƙera irinsa suna sauke gindin feda ƙasa, wajen milimita 75 zuwa 80 ƙasa da layin aksil, don keke ya zauna daram, suna kuma sa ran a kwana za ka ɗaga fedar ciki ka tsaya da tuƙi. Na tseren fili wajen 55 zuwa 60 ne. Ni ga hannun feda mai milimita 175. A wata kwana a ƙarshen gangara na kwanta da keken, feda ta zo ƙasa a lokacinta, ta daki kwalta, tayar baya ta yi tsalle, sai ga ni ina jan ƙasa da gefen jiki. Jiki magayi. Tun daga ranar nake neman wanda bai wuce 70 ba, da hannun feda mai 165 da siririyar feda. Taya mai kauri, milimita 32 ko 35, tana ƙara ɗaga keken kaɗan, ban da sauƙin da take yi wa jiki.

Ka auna faɗin bayan firam kafin ka sayi hob. Na tseren fili milimita 120 ne, tsofaffin na titi 120 ko 126, na bayansu 130, tsofaffin na duwatsu da yawancin na tafiya 135. Ƙarfe yana yarda a buɗa shi ko a matse shi kaɗan, alminiyam da kabon ba a yi musu haka. Sarƙa kuma dole ta tafi a miƙe daga babban faranti zuwa ƙarami.

Kada kowa ya zuga ka ka tafi babu birki biyu. Da faranti mai haƙora 42 a gaba da 17 a baya, juyi ɗaya mita biyar da 'yan kai ne, wato a gudun kilomita 50 ƙafarka na juyi kusan 160 a minti. Akwai masu gama Paris-Brest-Paris, doguwar tafiyar keke a Faransa, kilomita 1,200 cikin awa 90, a kan kafaffiyar giya, amma ba da gwiwa kaɗai ake riƙe keke mai kaya a gangarar rana ta uku ba. Firam ya zama yana da wurin birkin gaba da na baya, kuma wuyansa, wato bututun gaba da fok ke shiga, ya yi tsawon da kan keke zai zo kusa da tsayin sirdi.

Wanda nake hawa yanzu tsoho ne na ƙarfen Reynolds 531, fentinsa duk ya koɗe. Kafin na karɓe shi na shafa yatsa a ƙarƙashin bututan da ke bayan wuya, don idan an taɓa karo da shi akan ji ɗan kumburi a wurin. Na zare sandar sirdi na haska ciki ina neman tsatsa. Na ɗaura zare daga tsagar hagu, ya zagaya wuya ya dawo ta dama, na auna tazararsa da bututun sirdi ta kowane ɓangare, suka zo ɗaya. Daga ƙarshe na sa ma'auni a tsagar, na samu wurin motsin aksil ya haura santimita biyu, sannan na ce a kwance min shi.