Mai gini daban, mai biyan kuɗin wuta daban

Na taɓa kama hayar wani ɗaki a saman bene, sabon gini fes, gilashi tun daga ƙasa har sama yana kallon yamma, ranar da na fara ganinsa wallahi sai da ya burge ni. Ai kuwa ko wata ban rufa ba na gane kurena. Rana na karkatawa ɗakin ya koma tanda, bango na ta huci har tsakar dare, esi ba hutu, mita kuwa sai gudu take. Wanda ya gina ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, ni aka bari da bil.

Shi ya sa in na ji ana ƙorafin wai dokokin tsimin makamashi a sabbin gine-gine takura ce kawai, sai in ce to ai ga dalilinsu nan. Mai ginin sayarwa ko haya ba shi zai sha zafin ba, me zai sa ya kashe ko sisi kan abin da ido ba ya gani in ba an tilasta shi ba?

Abin ba yau ya fara ba. Bayan rikicin man fetur na 1973 ne ƙasashe suka farga, Jamus ta Yamma ta fito da dokarta ta hana ɗumi tserewa daga gidaje a 1977, jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa nata ƙa'idojin a 1978. Tarayyar Turai ta zo a 2002 ta ce gini ya riƙa samun takardar shaidar yawan makamashin da yake ci, a 2024 kuma suka ƙara matsawa, daga 2030 duk sabon gini ya zama ba ya fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya, na gwamnati ma tun daga 2028. Ba mamaki, don kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi a gine-gine yake ƙarewa.

Mutane da sun ji maganar sai hankalinsu ya tafi kan sola, alhali yawancin aikin tun a takardar zane ake gama shi. Ina ginin ya fuskanta, girman tagogi in an gwada da bango, akwai abin da zai yi musu inuwa ko babu, me aka shimfiɗa tsakanin rufi da silin, gilashin falle ɗaya ne ko biyu, iska na zurarewa ta kafofi ko an toshe. Juya gini a takarda kyauta ne fa, amma in an zuba kankare sai dai haƙuri, kuma gini na iya shekara hamsin a tsaye yana cin kuɗin mutane. A garin Darmstadt na Jamus an gina wani gida a 1991 da ya zama abin koyi, ma'aunin irinsa shi ne kada ɗumama shi ya wuce yunit 15 na wuta kan kowace murabba'in mita a shekara, kuma mutane sun zauna a ciki lafiya lau.

Gaskiya dai kuɗin gini na ɗan ƙaruwa, ban musa ba. Abin da ya fi damuna shi ne bin diddigi, a zane a rubuta komai tsaf a buga hatimi, a wurin aiki ɗan kwangila ya tsallake, da an rufe silin an shafa fenti wa zai leƙa? In jami'in dubawa bai je kafin a rufe ba to takarda kawai aka cika.

Ni dai yanzu in zan duba gida da la'asar nake zuwa, in dafa bangon yamma da hannuna kafin mu fara maganar kuɗi.