Shahon Kifi a Fadamar Haɗeja da Nguru: Abin da Ɗaukar Hotonsa Ya Koya Mini

Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce. Aikin ofis nake yi, kuma kyamarar da nake riƙewa ta hannu ce na saya, tare da gilashi mai zuƙo nesa na milimita 400. Amma duk shekara, idan damina ta ɗauke kuma hunturu ya fara busawa, nakan nemi hutu in nufi fadamar da kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala a cikinta kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda yake gangarawa zuwa tafkin Chadi. Wuraren da na fi sabawa da su su ne Baturiya a jihar Jigawa da Dagona kusa da Gashuwa a jihar Yobe, waɗanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008, bayan tafkin Nguru da mashigin Marma da suka shiga tun 2000.

Tsuntsaye a can ba su ƙirguwa. Kirinjijiya takan taso garke guda tana fito, dinya tana kiwo a bakin gonakin shinkafa, zalɓe yana tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, ga kuma ƙananan agwagi da suke zuwa daga Turai cin rani. Hoton waɗannan ba ya ba da wahala sosai. Wanda ya riƙe mini hankali shi ne shahon kifi, wanda masana suke kira Pandion haliaetus: babban tsuntsu mai farin ciki da baya ruwan ƙasa, da baƙin layi da ya ratsa idonsa, kuma faɗin fukafukansa ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Baƙo ne a wurinmu. A ƙasashe irin su Finlan da Suwidin da Jamus da Sukotlan yake ƙyanƙyasa, sa'an nan ya ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara ya iso Afirka ta Yamma wajen watan Oktoba, ya juya gida a watan Maris. 'Ya'yan da suka zo karon farko ba sa komawa tare da manya. Sukan zauna a nan fiye da shekara guda kafin su kama hanyar arewa.

Abu na farko da na fahimta shi ne cewa ba a bin wannan tsuntsu, jiran sa ake yi. Yana da ɗabi'ar riƙe wuri guda: busasshen itace ɗaya da yake sauka a kai ya ci abincinsa, da kududdufi ɗaya ko biyu da yake farauta. Ba daga littafi na san inda waɗannan wurare suke ba, daga masunta na sani. Mutumin da yake fita da asuba kullum don duba gurarsa ya san itacen da shahon yake kwana, ya san lokacin da karfasa take tasowa saman ruwa, kuma idan ka gaishe shi yadda ya kamata ka nuna masa hoton tsuntsun a waya, zai ɗauke ka a kwalekwale ya ajiye ka a inda ya dace. Wani dattijo da yake tuƙa ni yakan ce, “Malam, bar kallon sama, kalli ruwa,” domin a ganinsa inda kifi ya taru a nan tsuntsun zai bayyana, kuma ban taɓa ganin maganarsa ta faɗi ƙasa ba.

Farautar kanta daƙiƙoƙi kaɗan take ɗauka, shi ya sa dole ne mai hoto ya san matakanta tun kafin su faru. Tsuntsun yakan yi shawagi a saman ruwa, ya tsaya cak yana kaɗa fukafukai da kansa a sunkuye, sa'an nan ya naɗe su ya sulmiyo, a ƙarshe ya miƙo ƙafafu gaba ya faɗa ruwan da su, wani lokaci har ya nutse gaba ɗaya. Yatsansa na waje yana iya juyawa baya, ta yadda biyu suke riƙe kifi ta gaba biyu ta baya, kuma tafin ƙafarsa yana da kaushi don kada santsi ya ƙwace masa abin da ya kama. Idan ya taso yakan girgije ruwan jikinsa a cikin iska, ya kuma gyara kifin kansa ya dubi gaba. A wurina wannan girgizar ta fi faɗawar kyau a hoto, kuma ta fi sauƙin samu, domin a lokacin tsuntsun yana rage gudu. Nakan saita saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa, in rage hasken da kyamara take sha kaɗan, saboda farin cikinsa yakan wanke a rana har gashin ya ɓace.

Darasin da ya fi kowanne amfani a gare ni game da iska ne. Manyan tsuntsaye suna fuskantar iska idan za su tashi ko su tsaya a sama, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Da safe rana tana gabas, saboda haka idan na zauna a gabashin kududdufi, rana da iska duka suna bayana, tsuntsun kuma ya fuskance ni da haske a ƙirjinsa. Da yamma lissafin yakan rushe: ko dai in samu haske in ga bayansa, ko in ga fuskarsa cikin duhu. Tun da na gane haka na bar fitar la'asar ga agwagi da balbelu masu komawa makwanci.

Hunturun da yake ba da wannan dama shi ne kuma yake kawo cikas. Idan hazo ya yi kauri, duk abin da ya wuce 'yar tazara yakan fito fari fat, kuma babu gyaran kwamfuta da zai dawo da shi. Ƙura tana shiga ko'ina, don haka ba na cire gilashi daga jikin kyamara a fili. A cikin kwalekwale kuwa sandar ɗora kyamara ba ta da amfani, sai dai mutum ya zauna ƙasa ya dogara gwiwar hannu a kan cinya, ya roƙi matuƙi ya soke gora a laka ya tsayar da jirgin.

Akwai kuma al'amarin mutane, wanda na ɗauke shi da nauyi fiye da na kyamara. Baƙo riƙe da dogon baƙin abu a bakin ruwa yana iya tayar da hankali a wannan zamani, saboda haka nakan fara gabatar da kaina ga mai unguwa da jami'an gandun daji, kuma ba na juya kyamara wajen mata masu ɗibar ruwa ko wanki. Tsuntsun ma yana da nasa haƙƙin. Idan yana cin kifi a kan itace ba na matsawa, domin idan ya firgita ya saki kifin, shirwa ce za ta amfana, shi kuwa sai ya sake farauta da ƙarfin da yake tarawa don ƙetare Sahara.

Shekarun nan neman wurin da ya dace yana ƙara wuya. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ambaliya take zuwa fadamar, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigai da yawa, har ta rufe sararin ruwan da shahon yake buƙata don ya hango kifi daga sama. Wani kududdufin da na saba zama a gefensa yanzu kacala ce zalla, masunta sun kwashe komatsansu sun koma gaba, tsuntsun ma ya bi su. Bana sai da muka yi tafiya mai nisa a cikin wata siririyar hanya da mutanen ƙauye suka sare da lauje kafin mu fito buɗaɗɗen ruwa, kuma dattijon ya ce idan ba a sake sare ta bayan damina ba, baɗi sai dai mu zagaya ta tudu.