Tambayar da Hajiya ta yi min jiya

Jiya da daddare muna zaune a tsakar gida a Gwale, an ɗauke wuta, sauro sai kuka yake mana a kunne, Hajiya tana ta fama da mafici. Sai aka taɓo zancen rigakafin zazzaɓin cizon sauro a rediyo. Ko gama saurara ba ta yi ba ta ce, "Kai, a kan 'ya'yan wa aka gwada?"

Wallahi ban ga laifinta ba. Duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 a Kano, da gwajin maganin da aka yi a kan yara, dole ya tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na ce mata Hajiya, sunanta R21, masana a Jami'ar Oxford suka haɗa, a Indiya ake sarrafa ta. Da manya ƙalilan aka fara. A babban gwajin kuwa yara 4,800 ne a Mali, Burkina Faso, Kenya da Tanzaniya. Wasu aka yi musu ita, wasu aka yi musu ta cizon mahaukacin kare, don a kwatanta, aka kuma riƙa bibiyarsu. Abin da aka fi gani shi ne zazzaɓi da ciwo a wurin allurar. NAFDAC ta amince a 2023, aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Ta yi shiru, ta miƙe ta gyara wa Ummi gidan sauro. "To, ka kai ni asibitin in tambaye su da bakina. Gidan sauron nan dai ba mai cire min shi."