Uwa mai galahanga a shekarun arba'in: yadda ake lallaɓa ƙarfin yini

A gidajenmu, yarinyar da ba ta haɗa ido da manya, ba ta da surutu, ta fi son zaman ɗaki da shiga cikin tsararrakinta, yabonta ake yi. A ce ai wance kunya gare ta, ga natsuwa. Ta haka mata da yawa masu galahanga, wato abin da likitoci ke kira otizim, suke girma ba wanda ya lura. Sai ta kai arba'in, ga miji ga 'ya'ya huɗu ko biyar, yabon ya juye: miskila ce, ba ta son mutane, girman kai gare ta. Halinta yana nan yadda yake tun tana ƙarama. Abin da ake nema a wurinta ne ya ninku.

Su ma likitocin sun daɗe ba su ga irin waɗannan mata ba. Lokacin da wani likita mai suna Leo Kanner ya fara bayanin lalurar a Amurka a 1943, yara 11 ya duba, 8 daga cikinsu maza ne, kuma shekaru da yawa siffar ɗa namiji ce ma'auni. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, sai wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna lissafin ya fi kusa da uku ga ɗaya, ma'ana akwai matan da ake tsallakewa. A wajenmu kuma, da an ce galahanga, hoton yaron da ba ya magana ne ke zuwa zuciya. Ba a kawo matar da ta yi karatu, take koyarwa ko take sana'arta, take kuma girka tuwon gidanta. Sau da yawa irin wannan mace kan gane kanta ne a ɗakin likita ranar da ta kai ɗanta, ta ji ana lissafo alamominsa kamar ana karanta tarihin ƙuruciyarta. Ba abin mamaki ba ne, lalurar tana bin jini sosai.

Abin da ya rufa mata asiri tsawon shekaru shi ne kwaikwayo. Ta haddace jerin gaisuwa, ta koyi inda ake dariya da inda ake cewa "Allah sarki", tana tsara abin da za ta faɗa kafin ta ɗaga waya. Abin da sauran mata ke yi ba tare da tunani ba, ita da lissafi take yin sa, kamar mai magana da harshen da ta koya a makaranta. Wannan yana cin ƙarfi. A shekarun ashirin jiki na iya biya. Daga arba'in zuwa sama kuwa, al'ada ta fara rikicewa kafin ta ɗauke, abin da kan faru tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin jikin mace da ake kira estrojin na hawa yana sauka, barci ya lalace, ga zufar dare, ga mantuwa. Kuma a daidai lokacin ne za a aurar da 'yar fari, tsofaffi su fara ciwo, 'yan autan kuma ba su gama firamare ba. Kwaikwayon sai ya fara tsagewa.

Shi ya sa abu na farko shi ne ta ɗauki ƙarfinta kamar kuɗin cefane: akwai iyakarsa, kuma kowane abu da farashinsa. Ta sami littafi ta yi mako biyu tana rubutawa, safe da rana da dare, abin da ta yi da yadda ta ji, da maki daga 1 zuwa 5. Abin da kan fito yakan ba mutum mamaki. Wankin kaya tuli ɗaya wataƙila bai taɓa ta ba, amma baƙuwar da ta faɗo ba sanarwa ta zauna awa ɗaya ta kwashe ƙarfin yinin gaba ɗaya.

Ƙarfi mai yawa ta kunne da hanci da fata yake zurarewa. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya sanya wannan cikin alamomin lalurar: sauti ko wari ko taɓi ya yi wa mutum yawa fiye da kima, ko kuma ya kasa jin sa yadda ya kamata. A dubi gida gab da magariba. Janaretan maƙwabta ya tashi, injin markaɗe na kuka, talabijin a kunne ba mai kallo, miya na tafasa da ƙamshin daddawa, ƙaramin ya riƙe zani yana "Umma, Umma", babbar na tambayar ina hijabinta. Ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana tace waɗannan, ta tura wasu baya. Tata ba ta tacewa, duka suke shigowa da ƙarfi ɗaya. Tsawar da za ta daka a wannan lokaci ba ta rashin son 'ya'ya ba ce.

Gyaran yana farawa tun da hantsi. A yi markaɗe da jajjage da safe, lokacin da yara ke makaranta, a dafa miyar kwana biyu ko uku in akwai wuta ko firji. In babu, a soya kayan miyan sosai da mai yadda za su kwana. Toshen kunne na soso, irin wanda ake samu a kemis, yana rage kaifin ƙara ba tare da ya hana jin kukan yaro ba. Sai dai da yawa ba sa iya sa shi: murza shi ake yi ya zama siriri, a ja saman kunne da ɗaya hannun, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. In aka cusa shi haka kawai, faɗowa zai yi. Kada kuma a wuni da shi, don kunne kan ƙara laushi in ya saba da shiru. A ajiye shi don lokutan da aka san suna da nauyi. Tufafi ma haka: leshi mai ƙaiƙayi da shadda mai sitaci na fita ne, a sa musu shimi ta auduga a ciki, a cire tambarin wuyan riga, a sassauta ɗaurin ɗankwali.

Kafin yara su dawo daga makaranta, a ware minti 20 a ɗaki, labule a sake, ba waya. Ba bayan an gaji ba, kafin a gaji. Yaro ɗan shekara biyar zai iya koyon cewa in ƙyallen nan yana rataye a ƙofa, Umma na hutawa, sai in wani ya ji ciwo. Kuma a faɗa musu a fili: "Ba fushi nake da ku ba, kunnena ne ya gaji." Yaron da ba a yi wa bayani ba, kansa yake ɗora wa laifi.

Wani abin da ba a cika magana a kai ba shi ne rashin jin saƙon jiki. Mace ta kai la'asar ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta kuma ji yunwa ba, sai dai ta ga hannunta na rawa, ranta na ɓaci. A garuruwanmu masu zafi wannan ba wasa ba ne. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗaura abin a jikin salla: kowace alwala, kofi biyu na ruwa, azahar kuma ba a tashi daga sallaya a koma aiki sai an ci wani abu. Jadawalin girki na mako, a manne a bangon kicin, yana kawar da tambayar "me za a dafa yau", wadda ita kaɗai kan tsayar da mutum cak na rabin awa. In abinci biyar ne ake juyawa, ba laifi.

Biki da suna su ne babbar jarrabawa, don ba a guje musu, zumunci a ƙafa yake. Amma ba a ce sai an halarci kamu da wuni da dina da kai amarya duka ba. A zaɓi ɗaya. A je da wuri kafin makaɗa su kunna lasifika, kafin turaren wuta da humra su cika ɗaki. A nemi uwar biki a gaishe ta ido da ido, a miƙa gudunmawa hannu da hannu, don abin da za a tuna ke nan. A nemi aiki, kamar zuba abinci a robobi, domin mai aiki ba a tsare ta da hira. A yanke lokacin tafiya tun daga gida, awa ɗaya da rabi misali, a kuma shirya abin hawa da ba ya jiran kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa don ana jin daɗi, a manta cewa kuɗin sai gobe za a biya. Washegarin biki kada a sa komai.

In ƙarfin ya ƙare, fuska biyu yake fitowa da ita. Ko dai fashewa, kuka da ihu da jifa da abin hannu, ko kuma ɗaukewa, baki ya mutu, ana magana tana ji amma amsa ta ƙi fita. A nan ne ake cewa iska ce ta taɓa ta, a taru a kanta, a riƙe ta, a tofa, a turara. Addu'a ba ta da laifi, amma taron da riƙon da hayaƙin su ne ainihin abin da ya kai ta can. Abin da ya dace shi ne a rage mutane, a rage haske, a daina tambaya, a ajiye ruwa kusa, mutum ɗaya ya zauna nesa kaɗan. Maganar abin da ya faru sai bayan ta dawo daidai. In aka yi watanni ana cin bashin ƙarfi, akan kai matakin da abubuwan da ta iya, girki, tuƙi, amsa waya, su gagare ta. Yana kama da ciwon damuwa, amma shawarar "ki riƙa fita cikin mutane" ƙara shi take yi. Rage kaya ne maganinsa.

Sai magana. Hausa harshe ne na habaici da gugar zana da kawaici, ita kuwa abin da aka faɗa shi take ɗauka. Uwar miji ta ce "yau kam an sha barci", ita ta amsa da "eh wallahi, Hajiya", ba ta san an soke ta ba. Maigida ya yi shiru yana jira ta gane, ita ba ta ga komai ba. Gara ta roƙe shi sau ɗaya, a lokacin natsuwa: "Abban yara, in akwai abin da kake so, ka faɗa mini kai tsaye, in kuma za ka zo da baƙi ka sanar da ni tun safe." A gidan da ake da abokiyar zama, musayar aiki kan yi amfani: ita ta ɗauki wanki da lissafin cefane da bitar karatun yara, abokiyar zaman ta ɗauki tarbar baƙi.

Mai son tabbatarwa, wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam za ta je, kamar a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ba a gano lalurar da gwajin jini ko hoton kai, da tarihi ake gano ta, kuma dole alamomin su kasance tun ƙuruciya. Don haka a tafi da shafi biyu a rubuce, da misalai, in da hali a tafi da uwa ko yayar da ta san yarintar. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga, amma akwai maganin rashin barci da fargaba da damuwa da ke rakiyarta. A nemi a duba ƙarancin jini da matsalar tayiroid, wato halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, don su ma suna kawo irin wannan gajiya a wannan shekaru. Kuma a ranar ganin likita kada a yi kwaikwayon da aka saba. Matar da ta shiga da fara'a, ta haɗa ido, ta ce "lafiya lau", da takardar maganin damuwa kawai za ta fito.