Kada ka fito daga teku ka nufi filin jirgi

Makon jiya a Sharm el-Sheikh ɗan yayata ya fito daga ruwa, kansa bai bushe ba, yana nuna mini tikitin komawa Alkahira na ƙarfe tara na dare. Nutso biyu ya yi a ranar, irin na shiga ƙarƙashin teku da tulun iskar numfashi a baya. Na ce ya ɗage tafiyar, sai ya ce, "Kawu, ai awa ɗaya ce kawai a sama."

Jikina ya yi sanyi, domin da bakina na taɓa faɗin haka.

Ina ɗalibi na yi kwana uku ina nutso a Bahar Maliya, sau biyu kullum, zurfin mita 18. Na ƙarshe bayan azahar na fito, jirgina kuma da dare. Ina da jarrabawa, tikitin ba a mayar da kuɗinsa, aljihu ya bushe. Wa zai biya mini wani kwanan otal? Har yau nakan ce mai koyar da mu bai tsaya ya fahimtar da mu ba, cikin Turanci ya faɗa a gurguje. Amma Allah Ya sani na ji. Agogon nutso da ke hannuna yana nuna hoton ɗan jirgi, alamar kada a tashi. Na kwance shi na mayar wa masu haya.

Muna sama kafaɗata ta dama ta ɗauki ciwo kamar ana murɗa ƙusa a ciki. Na ce nauyin tulun iska ne. Da asuba yatsuna biyu sun mutu, ruwan alwala ma ba sa ji. Kusan awa 5 na yi kwance cikin ɗakin matsin iska ina shaƙar oksijin.

A can likita ya warware mini: a ƙarƙashin ruwa jiki yana tsotse iskar naitirojin, sai a hankali take fita. Matsin iskar cikin jirgi kuwa kamar na kan dutse ne mai tsayin mita 2,400. Ka hau da wuri, matsin ya ragu, naitirojin ɗin ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi.

Na so in jero muku nasiha da yawa, amma yaran yanzu ba ku sauraro, hankalinku yana kan bidiyon da za ku ɗora. To ga ta. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ce kafin hawa jirgi a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an maimaita ko an jera kwanaki. Ku bi wannan. Kai, a'a, ku cika 24, ni ban yarda da ƙasa da haka ba. Hawan Dutsen Ɗuri Sina ma, mai mita 2,285, hukuncinsa ɗaya da jirgi.

Idan gaɓa ta fara ciwo ko fata ta mutu, kada ka kwanta ka ce gajiya ce. Nemi oksijin da likita, ka gaya masa ka yi nutso.

Shi kuwa yaron, ni na biya masa sabon tikiti, yana ta ɓata rai.